Gawayin Labo Ba Ya Hayaƙi

Tabarma ɗaya. Bargo biyu. Buta. Filas na kunu. Takardar da majo, babban malamin asibitin unguwarmu, ya rubuta ya ninke huɗu. Ƙaramar kwalbar iskar numfashi da tiyonta. Takalman Labo a cikin leda, don matarsa ta ce da ƙafarsa zai dawo.

Abin da muka ɗauko daga Gaya ke nan, sai shi Labon.

Mutari direba ne ke tuƙi. Harouna, ƙanin Labo, yana gaba kusa da shi, waya a kunne. An kwantar da kujerar baya an shimfiɗa Labo, kansa a cinyar matarsa, Inna Zuwera. Ni ina tsugune wajen ƙafafunsa, ina riƙe da kwalbar kar ta gangara. Ranar Talata ce, ruwa bai ɗauke ba tun asuba. Asibitin Doso muka nufa, kilomita ɗari da hamsin. Mun ci talatin.

"Nasiba, dubi leɓenshi," in ji Inna Zuwera. "Jini ya dawo mashi. Ko da safe bai yi kyau haka ba."

Na duba. Leɓensa ja ne kamar na wanda ya ci goro. Faratansa ma haka. Na taɓa ganin irin wannan jan a hoto, shekarata ta biyu a Rabat, a darasin da ake yi mana kafin a bar mu mu shiga ɗakin gwaji. Na ci jarrabawar darasin da maki mai kyau.

"Na gani, Inna," na ce.

"Hawan jini ne," Harouna ke faɗa wa wayarsa. "Awo, faɗuwa ya yi. Muna bisa hanya. A sa mu addu'a."

Mutum na huɗu ke nan da ya gaya wa haka. Ba likitan da ya ce hawan jini. Majo ya tambayi inda aka same shi, Harouna ya ce a ɗaki. Ina tsaye a wurin. Ban ce wane ɗaki ba.

Labo maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin ya yi yana dako a bakin gadar kan iyaka, yana sauke buhunan manyan motocin da ke zuwa daga Kwatano. Da aka rufe gadar ya zauna gida wata biyu yana kallon kaji. A bayan injin casar shinkafa na unguwarmu akwai tudun buntu da ya fi ɗaki tsayi. In ya taru, mai injin ya cinna masa wuta, ya yi mako yana ci, hayaƙin na bin mu har cikin tukunya. Labo ya je ya roƙi a bar masa tudun. Aka yi masa dariya, aka bar masa.

Lokacin ina Maroko ina karatun makamashi. Da na dawo bara na tarar da tano huɗu, manyan gangunan ƙarfe, jere a tsakar gidansa. Yakan cika tano da buntu, ya kunna, ya rufe, ya bari ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba. Ya daka, ya tankaɗe, ya kwaɓa da kokon da Inna Zuwera ke damawa da garin ɓawon rogo. Ya ɗura kwaɓin a guntun bututu, ya matse da abin ɗaga mota. Abin da ke fitowa, dunƙule kamar damtsen jariri, shi yake kira curi. Daga baya ya ƙara da tukar rake da ake sharewa a tasha, da ɓawon gujiyar masu ƙuli, da totuwar masara, da ƙodagon giginya. Mata shida ke tattaro masa. Masu waina da masu ƙosai da masu suyar kifi na bakin kogi sun bar itace sun koma curi.

Ranar da na shiga gaishe shi, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwa.

"Injiniya! An dawo? To zo ki gani, mu ma nan muna da lekol tamu, makarantar gawayi."

Na ɗauki curi ɗaya na karya. Na shinshina.

"Koko ya yi yawa, Baba."

"Shekara biyar ƙasar Larabawa, abin da kinka koyo ke nan? Koko ya yi yawa? Zuwera, hito ki ji, yau an kushe damunki da diflom."

"Ta zo ta dama nata mu gani," in ji Inna Zuwera daga madafi.

Amma ya rage kokon. Curin ya daɗe yana ci. Daga ranar, kome zai canza sai ya leƙo ta katanga ya kira ni. Takardun neman aikina suna yawo a Yamai ba amsa. Gidan Labo ne kaɗai inda ake tambayata abin da na karanta.

Yana da tallan da yake yi wa duk sabon mai saye. Ya hura curi a furno, wannan murhun ƙarfe na gawayi, ya kai shi dab da hancin mutum.

"Ina hayaƙi? Ina hawaye? Wagga wuta ce mai ladabi. Ko cikin ɗaki ka kwana da ita."

Na ji ya faɗi haka ya fi sau ashirin. Na ɗauke shi bakin talla.

Matsalarsa damina ce. Curi na son rana kwana huɗu, Gaya kuwa a watan Agusta ba ta ba da kwana huɗu a jere. Curin ya yi fumfuna, ya ruguje a hannu. Ya kawo mini ɗaya a tafin hannunsa. Na juya wata tsohuwar kalanda na zana masa. Ɗakin ajiyarsa na kusurwa, kantoci hawa uku na ragar waya, furno a tsakiya, kafa a ƙasan bango, bututu a sama ya huda rufi. Na ce ya liƙe duk inda zafi ke sulalewa: tsagar bango, ƙasan tol, wato kwanon rufi, da gefen ƙofa. Na ce kafar da bututun ni zan ji da su, zan sa mai walda ya yi.

Na kai wa mai walda awo. Washegari aka kira ni Yamai, wani kamfanin wutar rana na son ganina. Na tafi da niyyar kwana uku, na yi goma sha biyu. Sau ɗaya Labo ya kira ni. Ina zaune a wani dogon baranda ina jiran a kira sunana.

"Injiniya, na liƙe! Ko sauro ba ya shiga. Kwana biyu curi ya bushe, ƙam, kamar dutsi!"

"Madalla, Baba. Zan kira ka."

Ban kira ba. Ban ce kar a kunna wuta sai bututu ya hau ba. Ban ce kar mutum ya zauna a ciki ba. A inda na yi karatu ba a faɗa wa mutum haka da baki, a jikin ƙofa ake rubutawa. Ban tuna da gwiwoyinsa ba, waɗanda buhunan shekara talatin suka cinye, waɗanda ke hana shi ruku'u in an yi sanyi. Na dawo ran Litinin da yamma na ce sai gobe na shiga. Goben da hantsi na ji ihun Hawa mai waina.

Mun wuce hanyar da ke ratsewa zuwa Yelu, sai ya buɗe ido. Bai dubi kowa ba.

"An juya na bisa?"

"An juya, Malam," in ji Inna Zuwera. "Duk an juya. Kwanta abinka."

Idonsa ya zo kaina.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

Na jira. Bai ƙara ba.

Allurar da ke kan kwalbar ta kwanta tun ɗazu. Na gani, na ci gaba da riƙe kwalbar. Muka wuce wani ƙauye inda mata ke sayar da rake a ƙarƙashin leda. Wata ta ɗago mana sanda biyu. Can gaba kaɗan Inna Zuwera ta ce, ba da ƙarfi ba:

"Mutari, tsaya."

Harouna ya zagayo ya buɗe bayan motar. Ya sa kunne a ƙirjin wansa, ya daɗe. Ya yi salati. Ya shafe masa ido, ya zare tiyon daga hancinsa ya miƙo mini. Inna Zuwera ta yagi gefen ɗankwalinta ta ba shi ya ɗaure haɓar. Ba ta yi kuka ba. Ta ja bargo ta rufe ƙafafun da ke kusa da ni.

Gefen hanyar duk taɓo ne. Sai da Mutari ya yi gaba ya yi baya sau uku kafin motar ta juya.

An rufe shi bayan la'asar. Da curinsa aka ɗumama ruwan wankan. Da shi aka dafa shinkafar baƙi ranar da washegari da ranar uku. Tarin da ke ƙarƙashin rumfa yana raguwa ina kallo.

Na zauna cikin mata, kusa da mahaifiyata. Kowace ta shigo ta ce lokaci ne ya yi, a amsa mata lokaci ne. A zaman makoki ba a tambayar me ya kashe mutum. In ma an tambaya, amsar na nan a shirye, Harouna ya riga ya raba ta ta waya.

Hawa, wadda ta same shi, tana maimaita wa duk wadda ta zauna kusa da ita.

"Na zo karɓar curi, na yi sallama shiru. Na tura ƙofa, wallahi da ƙyar ta buɗe. Shina zaune bisa kujerarshi, kai jingine da bango, rediyo na ta magana. Na ce, Labo, rana tsaka kake gyangyaɗi kamar sabon ango? Shiru. Ni kaina da na shiga jawo shi sai da kaina ya sara, ƙafafuna sunka yi sanyi."

"Firgita ce," in ji wata.

"Firgita ce," in ji Hawa.

Ran Laraba da safe, kafin gidan ya cika, na shiga ɗakin. Wutar ta mutu. Na bar ƙofar a buɗe na tsaya ina duba aikinsa. Ya bi tsagogin bango da laka ɗaya bayan ɗaya. Ƙasan tol ya cusa tsumma ya shafe. Gefen ƙofa ya yanka tsohuwar robar taya ya buga da ƙananan ƙusoshi, tsakanin kowace ƙusa da 'yar'uwarta yatsa biyu. Ban taɓa ganin wanda ya bi maganata da kyau haka ba. Kalandar na rataye a ƙusa, zanen na kallon ɗaki. A ƙasa akwai tsaka biyu matattu, ciki sama. Curin kantar sama ba a juya ba.

Na juya su. Na fito.

Ran Alhamis, bayan addu'ar uku, maza suka fara watsewa. Na sami Harouna shi kaɗai wajen tanonin yana wanke hannu. Mai motocin ɗaukar kaya ne, kullum yana sauri.

"Baba Harouna, ba hawan jini ba ne."

Ya ci gaba da zuba ruwa.

"Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska. Ba ta da wari, ba a ganinta. Mutum ya ji kansa na ciwo, ya ji barci, shi ke nan. Ba ruwanta da hayaƙi."

"Likita ce ke?"

"A'a."

"Kin gani da idonki?"

"Ba a gani. Na sani."

Ya ajiye butar. Ya dubi ƙofar gida, ya rage murya.

"To an ji. Mutum ya mutu, an rufe shi. Mi kike so, a tono shi?"

"Kar a sake kunna wuta a ɗakin."

"Wanga mai sauƙi ne. Ni za ni ce ma Zuwera a bari. Amma zancen iskar ga ki bar shi cikinki. Kin san garin ga. Yau ki ce iska, gobe a tasha a ce gawayin Labo na kashe mutane, jibi a Malanbil ƙetaren gada a ce guba yake sa ma abin. Wa za shi saya? Zuwera wata huɗu da kwana goma tana takaba, ba kasuwa ba ko'ina. Mi za ta ci? Matan ga shida da ke kawo shara fa? Ke za ki riƙe su?"

"Ni na ce ya liƙe ɗakin."

Ya dube ni. 

"Shi ma ki bar shi cikinki. Uwarki shekara arba'in tana miƙa ma Zuwera gishiri ta bisa katangar ga. Kar ki ɓata masu." Ya share hannunsa a riga. "An ce kin samu aikin Yamai."

"Ran Litinin zan fara."

"To Allah shi sa albarka. Ki tahi, ɗiyata. Allah ne ke kashewa, ba laka ba."

Da yamma na ji motarsa ta tashi. An ce Junju ya nufa ɗauko rake.

Ran Juma'a na ji ƙarar abin ɗaga motar ta katanga. Hawa da matan suna matse sabon curi. Na ce a raina a rana za su shanya. Ba rana. Na rufe taga na ci gaba da guga. Na goge riguna huɗu, na ninke, na sa takarduna a leda saboda ruwa. Mahaifiyata ta zuba mini yaji a kwalba. Ta ce tun da na dawo daga hanyar Doso ban ci abincin kirki ba. Na ce zafi ne. Ta dubi ruwan da ke zuba a waje.

Ran Asabar wajen ƙarfe goma sha ɗaya na shiga yi wa Inna Zuwera sallama, don motar safiyar Lahadi zan bi. Tsakar gidan ba kowa. Masu taya ta zama sun je ɗora girki a gidajensu. Na leƙa ɗakinta, tabarma ce kawai da carbi. Na juyo.

Ƙofar ɗakin shanya a rufe take. Takalmanta na bakin ƙofar, ruwa ya taru a cikinsu.

Na tura. Robar ta riƙe. Na sa kafaɗa.

Zafi ya bugi fuskata. Tana zaune a kujerarsa, lulluɓe da zanen takaba, tana ɗaukar curi ɗaya ɗaya tana juyawa. Furno na tsakiya, jajir, ba ko ɗigon hayaƙi.

"Rufe, zafi na hita," ta ce. Maganar a hankali take fita.

Na riƙe numfashi. Na naɗe hannuwana da mayafi, na ɗauki furnon ta kunnuwansa, na fita da shi na dire a tsakiyar ruwa. Na koma na kama ta ta hammata.

"Ke lafiyarki? Sake ni. Nasiba!"

Ba ta da nauyi. Ƙafafunta ba su ɗauke ta ba sai da muka kai rumfa. Na zaunar da ita a turmi, inda iska ke kaɗawa. Ta sunkuya ta yi amai kaɗan, ruwa ne kawai. Na ba ta buta ta kurkure baki.

"Tun yaushe kike ciki?"

"Tun da Hawa ta tahi."

"Kanki na ciwo?"

"Kai kam tun ran Talata shike ciwo. Wa ke gidan ga da kanshi ba ya ciwo?"

"Baba Harouna bai ce a bar ɗakin ba?"

"Ya ce in huta." Ta goge baki da gefen zane. "Shi za shi soya ma mutane ƙosai? Hawa ta ce masu kifi sun fara komawa itace. Abin da Malam ya tara shekara biyu, in zauna ina kallo ya watse cikin sati? Kasuwa an hana ni. Wanga ko cikin gida ne, ba mai cewa na karya takaba."

Ta dubi ƙofar ɗakin da na bari a buɗe.

"Kuma can ne kaɗai ba mai ce mani in yi haƙuri."

Na kira majo na ce ya zo gida ya duba ta, ya ce yana tafe in ya sallami waɗanda ke gabansa. Na mayar da wayar. Na tsuguna a gabanta don kada ta ɗaga kai.

"Inna, ɗakin nan ne ya kashe Baba."



Na faɗa mata yadda na faɗa wa Harouna, da kalmomi iri ɗaya, don ba ni da wasu. Wuta a rufaffen wuri. Iskar da ba ta wari. Ciwon kai, barci. Jan leɓen da ta gani a mota. Na ce ɗakin na bukatar kafa a ƙasa da bututu a sama, kuma ko da su ba a zama a ciki. Na ce ni na ce ya liƙe, ni na ce zan kawo bututun, na tafi ban kawo ba. Na ce ya kira ni ya gaya mini ya liƙe, na ce madalla.

Ruwa na zuba daga bakin rumfa cikin wani tsohon kwano. Ta bari kwanon ya cika ya fara zubewa.

"Jan leɓen," ta ce. "Na ce maki jini ne ya dawo."

"I."

"Kinka ce kin gani."

"I."

"Kin san mi ne ne tun a motar."

"Tun a wajen majo."

"Da kin faɗi can, da ya tashi?"

"Ban sani ba. Wataƙila a'a. Ya daɗe a ciki."

"Wataƙila."

"Wataƙila."

"Tun can da yake ce ma mutane ko cikin ɗaki a kwana da ita, kina jin shi?"

"Ina ji."

"Kin san ba haka ba ne."

"Na sani."

Ta gyaɗa kai, kamar an gaya mata farashin gero. Ta dubi hannuwanta, baƙin gawayi ya shiga layukan tafin. Ta shafa su a gwiwa, bai fita ba.

"Sati biyu yana ce mani gwiwarshi ta warke," ta ce. "Ya ce ɗiyar ga ta yi mashi ɗakin shanya ta haɗa mashi da asibiti. In ya hito yana layi, in ce Malam mi ne ne, ya ce daɗin ɗumi ne. Ni na kai mashi kujerar da hannuna."

Ta dube ni.

"Harouna ya sani?"

"Na gaya masa ran Alhamis. Ya ce in aka ji, ba mai sake sayen curi. Ya ce in yi shiru saboda ke."

"Saboda ni." Ta yi wani ɗan sauti ta hanci. "Harouna gas gare shi a gida. Hawa in ana ruwa cikin ɗaki take shiga da furno, da jikokinta uku, ta ja ƙofa. Malam ne ya ce mata ba komai. Mai ƙosan bakin tasha ma haka. Su nawa ya gaya ma? Ke kin ƙirga?"

"A'a."

Ta dafa turmin ta miƙe. Na kai hannu, ta kauce. Ta tsaya har jirin ya sake ta. A tsakar gida ruwa ya gama da furnon. Curin ya yi baƙi, yana ɗan huci, bai ruguje ba.

"Ran Litinin sadakar bakwai," ta ce. "Duk za su zo, masu saye da masu kawo shara. In an gama addu'a ki tashi tsaye cikin mata ki faɗa masu abin da kinka faɗa mani. Duka. Har da wadda ta ce a liƙe, har da madallar. Wadda ta bar saye ta bari."

"To, Inna."

"Sannan ki ɗauko bututunki, ki huda bangon, ki nuna ma Hawa yadda ake yi. Ki tsaya sai curin farko ya bushe ba kowa ciki."

"To."

Ta taka cikin ruwan ba takalmi, a hankali, ta bi gefen tanonin har ƙofar ɗakinta. Ta tsaya ta ba ni baya.

"Ni kuma kar ki shigo inda nike sai na hita takaba. Bayan nan ban sani ba tukuna."

Ta shiga, ta jawo ƙofar. Na ji ta sa sakata.